Jan Fenti a Kan Kitse

Matso nan ka zauna, ga gefen tabarma, amma ka bar takalminka can kada ka cika mana ita da yashi. Gahawa na kan wuta. Kafin ta tafasa bari in ba ka labarin Famau Lali, dattijon da ka wuce ɗazu a gindin kwakwa yana tufka igiya, ka gaishe shi ya amsa maka da murmushi. Na ga yadda murmushin ya yi maka daɗi. Duk baƙo haka yake ji. Mu kuwa da muka taɓa shiga jirginsa a wani Mauludi, in ya yi mana murmushin nan sai mu ji sanyi ya taso mana daga tafin ƙafa.

Famau haifaffen ƙauyen nan ne na tsibirin Pate. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, don haka yayarsa Somoe ce ta goya shi, ita ta yaye shi da kunun shinkafa, ita ke tsamo shi daga ruwa da kunne idan magariba ta yi. Har furfura ta rufe masa kai, in ta daka masa tsawa sai ka ga ya gyara zaman hularsa. Ubansu ya bar musu gado ɗaya tak, jirgin katako mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa, sunansa Kilua. Sunan wani fure ne mai ƙamshi da amare ke maƙalawa a gashi, amma duk wanda ya yini a jirgin nan, warin man kifi da tsohon kitse sai ya raka shi har kan gado. Da Kilua suke ci, da shi suke sha. Yau sandunan rufin ɗaki, gobe busasshen kifi, jibi buhunan siminti. Idan Mauludi ya zo kuma, shi ke kwasar mutanen unguwarmu zuwa tsibirin Lamu, inda ake babban taron.

Mutumin kirki ne Famau, kada ka ji wani abu daban daga bakina. Cutarsa ɗaya ce: ba wanda ya taɓa jin ya ce a'a. Ka ce ya ɗaukar maka akuya kyauta, zai ce to. Ka ce ya jira matarka ta gama lalle alhali ruwa na janyewa, zai ce to. An taɓa yin ranar da mutum biyu suka same shi, ɗaya na son a kai shi arewa, ɗaya na son kudu, duk a safiya guda. Kowanne ya ce masa to. Da gari ya waye sai ya shige masallaci ya yi ta jan carbi har ruwa ya ja baya jirgi ya zauna a kan yashi, sannan ya fito yana ba su haƙuri, wai ruwa ne ya ƙi. Tun daga nan muke kiransa Bwana To, wato Malam To. Muna dariya a lokacin.

Ka san tekun nan ba ya barin katako ya huta. Gansakuka na kama gindin jirgi, 'yan katantanwa na mannewa, amma waɗannan nauyi kawai suke ƙara masa. Abin tsoron wata tsutsa ce da muke ce wa garar teku. Tana shiga katako tun tana ƙanƙanuwa, ta ƙofar da ba ta fi tsinin allura ba, sannan ta yi ta ci tana girma a ciki, ba ta ƙara leƙowa. Daga waje katako sumul, daga ciki kamar saƙar zuma. Shi ya sa bayan wata bibbiyu, idan babban ruwa ya zo a tsakiyar wata, ake jawo jirage bakin gaɓa. Ruwa na janyewa su kwanta a gefe guda, maza su kunna busasshen ganyen kwakwa su babbake gindin, su kankare, su bi katako ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa suna saurare. Sai a shafe shi da kitsen shanu da aka dafa da farar ƙasa.

Wannan dahuwa kuwa aikin Somoe ne tun ubansu na raye. Ita ke bin mahauta tana tara kitse, ita ke zaɓar farar ƙasar da aka ƙona daga dutsen teku, ita ke tsayuwa a kan tukunya cikin hayaƙi tana motsawa da muciya. Ba ta da ma'auni sai hancinta. Da ɗuminsa take kai shi bakin ruwa, ta naɗe hannun riga ta shafa wa Kilua da tafin hannunta, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa jariri wanka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta kuma samu haihuwa ba. Famau da jirgin nan su ne 'ya'yanta.

Shi kuwa Famau ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Shali. Yaro mai zuciya, ya tafi Mombasa ya samu aiki a wani fili da ake fito da jiragen masu hannu da shuni ana yi musu fenti. Wata rana da la'asar muna zaune a nan bakin ruwa sai wayar Famau ta yi ƙara. Kunnensa ya fara nauyi, kullum a buɗe yake sa ta, don haka duk muka ji.

"Baba," in ji Shali, "har yaushe za ku yi ta shafa wa jirgi miya? Duk wata biyu ka rasa aikin mako guda, bayanka na ciwo, yayarka, Shangazi, na shaƙar hayaƙi. Ni zan aiko da fentin gindin jirgi, irin wanda muke sa wa na nan."

"To," in ji Famau.

"Iri biyu ne, sai ka zaɓa. Akwai mai tauri, na jirage masu gudu da inji. Akwai mai laushi, shi a hankali yake narkewa kamar sabulu, kullum sabon dafi na fitowa. Da garin jan ƙarfe a cikinsa, tsutsa ko kusa ba ta zuwa. Wanne kake so?"

"Wanda ka gani, ɗana."

"Kilua ai tafiyar tsohuwa yake yi, mai laushin ya fi dacewa da shi. Launi fa? Akwai ja, akwai baƙi, akwai shuɗi."

Kombo ne ya tsoma baki, wato abokin Famau tun na ƙuruciya, wanda ke kwashe ruwa a jirgin yana kuma ja masa igiya. Ya kai bakinsa kusa da wayar ya ce, "Kai ɗan birni, aiko da ja! Ubanka bai taɓa sa jan kaya ba, bari jirginsa ya sa a madadinsa."

Aka yi dariya. Sai muryar Shali ta sauya. "Baba, ka saurare ni da kyau, nan ne maganar take. Fentin nan ba ya kama maiƙo. Sai ka babbake kitsen nan duka, ka kankare har ka ga farin katako, ka bar shi ya sha rana ya bushe ƙarau. Ko ɗigon kitse kada ya rage. In ka yi haka, shekara guda ba ka da matsala. Ka ji?"

"Na ji. To."

Gwangwanayen suka iso a mota har bakin teku, aka ƙetaro da su a kwalekwale. Ranar da aka buɗe na farko, rabin unguwa ya taru. Ja ne wur, mai kauri, da wani wari mai hawa kai. Muna cikin kallo sai ga Somoe ta ratso mutane, gyalenta a kafaɗa. Ta leƙa cikin gwangwanin, ta daɗe tana kallo.

"Famau, wannan jinin ne zai maye gurbina?"

"Haba Dada, wa ya isa? Yaro ne ya aiko, ba a mayar wa ɗa kyautarsa." Dada yake ce mata, wato Yaya a harshenmu.

"An ce sai ka ƙone nawa duka."

Famau ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi da yatsan ƙafa.

"Hannun Baba ya shafa kitse a katakon nan," in ji ta, "hannuna ya shafa a kan nasa. Yanzu za ka kankare mu duka ka bar jirgi tsirara kamar gawa a wurin wanka? Ka sa kwalliyar ɗanka a sama in kana so, ban hana ba. Amma abin da zai taɓa katako, nawa ne. Ka ji ni?"

"To, Dada."

Da ta tafi Kombo ya dafa kafaɗarsa, ya kira shi da sunan da muke ba shugaban jirgi. "Nahodha, ɗanka ya ce tsirara, Dada ta ce da riga. Da wanne za mu yi?"

Sai fuskar Famau ta washe kamar wanda aka sauke wa kaya. "Duka biyun za mu sa. In tsutsa ta tsallake na Shali, ta tarar da na Dada a tsaye."

Gaskiya zan gaya maka, a kunnenmu maganar ta yi ma'ana. Mu mutane ne da in likita ya ba mu ƙwaya muke haɗawa da rubutun malam, ba mu taɓa ganin kariya ta yi yawa ba. Da babban ruwa ya zo aka kwantar da Kilua, Somoe ta shafa kitsenta fari fat, ta ƙara kauri ma saboda haushi. Da ya sha iska aka bi shi da ja. Kombo ya ce buroshi na ta santsi a hannunsa kamar yana fentin bayan tarwaɗa, amma aka lallaɓa aka gama. Jirgi ya fito kamar ango. Famau ya sa aka ɗauki hoto aka tura Mombasa.

"Ya yi kyau, Baba! An dai kankare duka ko?"

"An kankare," in ji Famau. Muna zaune muka ji, muka kau da kai. Maganar uba da ɗa ce.

Wata biyu suka cika, Somoe ta fara bin mahauta. A wajenta ba abin da ya canja: kitse wata biyu yake yi, lokaci ya yi, a kwantar da jirgi a sabunta. Shi kuma Shali duk kiran da zai yi sai ya maimaita, "Kada ka bari ya zauna a kan yashi, Baba, yashi na goge fentin. Kada kowa ya sa masa ƙarfe." Famau ya ce wa wannan to, ya ce wa waccan to. Ya san in dai Kilua ya kwana a bakin gaɓa inda ruwa ke janyewa, da asuba zai tarar da Dada a gindinsa da tukunya. Sai ya ɗauke jirgin ya kai shi can cikin wani lungun ruwa mai zurfi, tsakanin itatuwan bakin teku, inda ruwa ba ya ƙafewa ko da wane lokaci. Da kwalekwale yake zuwa ya dawo. Ruwan wurin ɗumi ne da shi, ba ya motsi, kore shar, ba a ganin ƙasansa.

"Yaushe za ka kawo min shi?" Somoe za ta tambaya idan ya je cin abinci.

"Babban ruwa mai zuwa, Dada. Wannan karon akwai kayan mutane."

Babban ruwa ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Kitsen da ta tara ya daskare a tukunya, ya yi tsami, ta zubar ta tara wani. Daga nesa kuwa Kilua ba abin da ya same shi. Jan nan na nan zagaye da shi a daidai inda ruwa ya tsaya, yana ƙyalli. Mutane har suna cewa Shali ya huce wa ubansa gajiya.

Kombo ne ya fara jin abin a jikinsa. Da can safe da yamma yake kwashe ruwa, yanzu ya koma yini yake yi da ƙwarya a hannu. Jirgin ya yi nauyi, iska na cika ƙyalle amma kamar ana riƙe shi ta ƙasa. Ƙananan kifaye suka riƙa bin su a baya garke guda, irin yadda suke bin gungumen da ya daɗe a ruwa. Wata rana suna dawowa daga garin Faza, Kombo ya ga wani jan abu na shawagi a bayansu, faffaɗa kamar ganyen ayaba. Ya sa sanda ya ɗago shi. Fenti ne, ya saɓule ɗungurungum, bayansa da santsin kitse.

"Nahodha, jirginka na saɓa kamar maciji."

"Ai Shali ya ce narkewa yake yi a hankali."

"Wannan ne a hankali? To Allah ya tsare mu da saurinsa."

Suka yi dariya, Famau ya karɓi abin ya jefa a ruwa.

Sai Mauludi ya matso. Saura kwanaki kaɗan, da rana tsaka, igiyar anka, wato ƙarfen da ake jefawa ya tsayar da jirgi, ta sarƙe a ƙarƙashin jirgin a lungun nan. Famau ya tuɓe riga ya nutsa don ya warware ta. Shi ya ba ni wannan da bakinsa daga baya, sau ɗaya, bai kuma ƙara ba. Ya ce da ya kai hannu ya dafa gindin jirgin, gashi ya ji, gansakuka mai tsawo tana lilo, da katantanwa masu yanka hannu. Ya share da tafinsa yana neman fenti, babu. Ya nemi kitse, babu. Katako ne tsirara. Sai ya danna da babban yatsa, yatsan ya shige kamar cikin nunanniyar gwanda. Ya matsa gaba ya danna, ya shige. Ya kara kunnensa a jikin katakon, a cikin shirun ruwan nan ya ji wani ƙaramin sauti, ƙus-ƙus-ƙus, ta ko'ina, kamar mata da yawa na tankaɗe a ɗaki mai nisa.

Da ya taso Kombo na zaune a bakin jirgi yana ɓare kwakwa. "Ka daɗe, har na fara tunanin wa zai gaji hularka. Lafiya dai?"

"Lafiya," in ji Famau.

Ka san hanyar Lamu. Kafin ka shiga inuwar tsibirin Manda akwai mashigar nan da babban teku ke buɗe baki, igiyar ruwa na ɗaga jirgi ta maka shi, ta ɗaga ta maka. Lafiyayyen katako ma kuka yake yi a wurin. Famau ya san Kilua ba zai ƙetare ta da mutane a ciki ba. Abin da ya rage masa ya buɗe baki ya ce ba za a je ba. Amma in ya faɗa za a ce don me, in ya ce don me kuwa, sai ya tsaya gaban ɗansa ya ce na yi maka ƙarya, ya tsaya gaban yayarsa ya ce na ɓoye miki jirgi har tsutsa ta cinye shi.

Ya yi ƙoƙari, ba zan hana shi wannan ba. A yammacin ranar ya tafi gidan Somoe da niyyar faɗa. Ya tarar tana niƙa shinkafar waina, fuskarta a sake, abin da ya daɗe bai gani ba.

"Zauna, ɗan banza, ka ɓoye min jirgi amma ba ka ɓoye cikinka. Na gaya wa matan layinmu duka akwai wuri. Har tsohuwar nan Mwanahawa, ta ce wataƙila wannan ne Mauludinta na ƙarshe, na ce ko a cinyata sai ta je. Ba matsala ko?"

"Dada, dama…"

"Dama me?"

"Iskar bana ce nake gani kamar…"

"Iskar bana ta fi ta bara kyau. Ci abinci."

"To."

Washegari Shali ya iso daga Mombasa, da matarsa da jaririyarsu da ba a taɓa kawo ta gida ba. Ya rungume ubansa, ya hango Kilua can nesa da jan zobensa, ya daki ƙirji. "Kun gani? Watanni nawa yanzu ba a taɓa shi ba? Shangazi, ki kawo tukunyar nan mu dasa fure a ciki."

"Rufe min baki, ɗan Mombasa," in ji Somoe. "Kwalliya ce kawai ka aiko. Ka tambayi ubanka abin da ke riƙe da jirgin nan."

Shali ya ɗauka tsokana ce ta tsofaffi, ya yi dariya. Famau ma ya yi dariya, ya karɓi jikarsa ya riƙe. Kwanakin da suka rage ya yi su yana kallon sama, yana roƙon hadari ko iska mai ƙarfi da za ta hana kowa fita. Sama ta yi tas, ko ɗigon gajimare babu.

Ranar tafiya da hantsi ruwa ya cika, ya kawo Kilua kusa da gaɓa inda ruwa ke kai wa mutum ƙirji. Aka fara shiga. Ina cikinsu, ni da mahaifiyata. Mata da sababbin zannuwa, kwanukan waina da shinkafar kwakwa a kai, yara da fararen riguna, maza da tamburan bege. Aka ɗauko tsohuwa Mwanahawa a kan kujera aka miƙa ta ciki. Somoe ta zauna a gaba kamar sarauniya. Matar Shali ta samu inuwa ta kwantar da jaririya a cinya. Duk wanda ya shiga jirgin ya ƙara nutsewa kaɗan, har jan zoben nan ya ɓace a ruwa. Famau na tsaye a baya, hannunsa a kan sandar tuƙi, yana amsa gaisuwa. Ya ga kowa ya shiga, ɗaya bayan ɗaya, bai hana kowa ba.

Kombo na can ƙasa tun kafin a tashi yana kwasar ruwa. Ya ɗago kai ya ce, "Nahodha, yau kam ko dai tekun ne ya biyo mu Mauludi?" Ba wanda ya kula shi, an fara bege. Samari suka kama igiya za su ɗaga ƙyalle. Shali ya je gaba ya kama igiyar anka, ya waiwayo.

"Baba, in ja?"

Na ga bakin Famau ya buɗe. Na ga leɓensa na motsi. Wallahi ba abin da ya fito.

Sai ya saki sandar tuƙi. Ya ratsa tsakanin mata yana taka kayan mutane, ya sauka ramin da Kombo yake, ya ture shi gefe. Akwai duwatsun da ake jerawa a ƙasan jirgi don su danne shi. Ya rungumi mafi girma, ya ɗaga shi har saman kansa, ya sake shi a kan katakon gindin.

Da lafiyayyen katako ne, da dutsen ya yi tsalle. Wannan ko ƙara mai ƙarfi bai yi ba. Wani ɓurum kawai muka ji, dutsen ya wuce ta ciki kamar an jefa shi a rijiya, ruwa ya taso kore, kaurinsa kamar jikin mutum.

Ihun da aka yi ba zan iya kwatanta maka ba. Kwanuka suka kife, waina na yawo a ruwa, maza na miƙa yara hannu zuwa hannu, ni na saɓa mahaifiyata a baya. Amma ka tuna inda muke. Kilua ya nutse kaɗan kawai ya zauna a kan yashi, ya karkata. Ba wanda ruwa ya wuce wa ƙirji. Aka fito da kowa, har tsohuwa Mwanahawa a kan kujerarta tana ta salati. Wasu samari suka yi kan Famau za su doke shi, suna cewa ya haukace, Kombo ya shiga tsakani da ƙwaryarsa a hannu.

Ba wanda ya koma gida. Muka zauna a kan yashi da jiƙaƙƙun kaya muna kallo har ruwa ya janye, gindin Kilua ya fito fili karo na farko tun ranar da aka yi masa fenti. Gemun gansakuka ne kore har ƙasa. Shali ya je ya kama bakin ramin ya ja, katako ya ɓalle a hannunsa kamar busasshen burodi. Cikinsa duk ramuka, fararen tsutsotsi masu tsawon yatsa na motsi a ciki. Ya miƙe ya kankari jan da ya rage a sama da farcensa. Ya saɓule, ga farin kitse a ƙarƙashi.

"Baba," ya ce, muryarsa a ƙasa, "ka ce min an kankare."

Somoe ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta ɗora tafinta a kan katakon, inda ta saba shafawa, ta daɗe ba ta ɗauke ba. "Ni kuma ka ce min babban ruwa mai zuwa."

Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce a bar mutum ya huta, ai ceton mu ya yi, da a mashiga abin ya faru da yanzu ana neman gawarwaki. Mutane suka fara cewa haka ne, Allah ya saka masa, ya fasa abincinsa da hannunsa saboda mu. Har wasu mata suka fara yi masa addu'a.

Sai Kombo, wanda bai taɓa magana ba wasa a ciki ba, ya ce, "Nahodha, ranar da ka nutsa ka warware igiya, na ce lafiya, ka ce lafiya. Tun ranar ka sani?"

Famau ya sunkuyar da kai. Ya tsaya yana kallon ƙafafunsa.

Addu'ar ta tsaya. Na ga matar Shali ta ƙara ƙanƙame jaririyarta, ta juya masa baya. Sauran matan ma kowacce ta jawo nata jikinta.

Kilua bai ƙara shiga ruwa ba, tsutsa ta kai har ƙashin bayansa. Aka cire abin da zai ciru aka yi itacen girki. Shali ya koma Mombasa kafin a gama Mauludi. Yana aiko wa ubansa abin sawa a baki, amma bai ƙara kawo 'yarsa ba. Somoe ta ba da tukunyarta ga wata maƙwabciya. Kullum tana aika masa da abinci a rufe, ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma bai taɓa ba. Kombo ya koma jirgin wani. Famau kuwa ya zauna tufkar igiya, igiyarsa kuma tana da kyau, kowa na saye.

Har yau unguwarmu ba ta gama da maganar ba. Rabi na cewa ba don shi ba da an yi makoki a kowane gida. Rabi na cewa ya tsaya yana kallo aka miƙa masa jikarsa cikin jirgin da ya san ruɓaɓɓe ne, kuma da Shali ya ja ankar nan ba tare da ya waiwayo ya tambaya ba, da Bwana To ya kama sandarsa ya tuƙa mu har mashiga. Ni da na tsamo uwata daga ruwan nan, wata rana ina tare da waɗannan, wata rana da waɗancan. Kai fa, da kana cikin jirgin da naka a cinya, in ka haɗu da shi gobe a hanya, godiya za ka yi masa, ko tambayarsa za ka yi me ya sa ya bari har ka shiga?